Yadda Za Ki Raba wa Mata Kekunan Ɗinki Ba Tare da Kin Sayi Ko Ɗaya Ba

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ni ko gaisuwa zan yi da manya kaina a ƙasa yake. Amma abin da na koya watan jiya a wurin Hajiya Inno, shugabar Ƙungiyar Ci Gaban Matan Unguwanni, rowa ce in riƙe shi ni kaɗai. Ki bi matakan nan, na lamunce miki kafin Sallah za a nuno ki a talabijin ana kiranki uwar marayu.

1. Nemo kekuna

Kada ki je kasuwa, kasuwa ta marasa dabara ce. Ki bi unguwarmu Ajilari gida-gida, inda kika ji ƙarar keke ki yi sallama. Ki fi zaɓen masu kunya irina.

"Falmata 'yata, aron yini ɗaya ne, ado kawai za mu yi wa filin taro da kekenki," in ji Hajiya.

Keken hannu ne da marigayiya mahaifiyata ta bar mini, da shi nake ci, ga atamfofin Sallah na mutane jibge a ɗakina. Na ce, "To, Hajiya." Wannan "to" ɗin ita ce jarinki, ki tara guda ashirin.

2. Sa a yi musu fenti

Kore ya fi fitowa a hoto. A rubuta KYAUTAR ƘUNGIYA da fari a jikin kowane. Tsohon keke in ya sha fenti, mai shi ma sai ta gaishe shi a matsayin baƙo. Nawa yana da ramin ƙunar fitila a gefen katakonsa, fenti ya rufe launin, ramin yana nan. Kada wannan ya dame ki, manyan baƙi ba sa shafa kaya.

3. Shirya talakawanki

Masu kekunan su ne za su zama mabuƙata. A cire 'yan kunne, a bar mayafin lafaya mai kyau a gida. Maƙwabciyata Maman Pindar, matar malamin makaranta, ta zo da sabon zanen zumuntar cocinsu. Hajiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan ta yi ƙiba, ku mayar da ita layin baya."

"Hajiya, in rame yanzu ko sai baƙuwa ta iso?" in ji Maman Pindar.

Irin wannan mata ki nisanta ta da lasifika.

4. Shanya su a rana

Tun hantsi. Rumfa da lemo na manya ne. Babbar baƙuwa, matar wani babba, ba za ta iso ba sai la'asar, lokacin fuskokin sun yi daidai da jawabinki.

5. Raba

Ki kira suna, mace ta fito, ta durƙusa, ki miƙa mata kekenta. A tafa. Ni ma na durƙusa na karɓi keken uwata da hannu biyu, fentin yana manne mini a yatsu. Mai ɗaukar hoton talabijin ya tambayi Maman Pindar yadda take ji.

"Malam, keken nan ya shiga raina, kamar na shekara tara da shi."

Wannan ba a nuna ba. Nawa aka nuna, domin "na gode" kawai na iya cewa.

Ga babbar doka: muddin mai hoto yana ɗauka, ki yi ta murmushi, ko kunama ce ta harbe ki. Shugaba mai ɗaure fuska ba ta zama kwamishina.

6. Kwashe

Da ƙurar motar baƙuwa ta kwanta, a loda kekunan a akori-kura, ki ce za a je a yi musu rajista. Gobe Bolori, jibi wata unguwar. Haka ashirin ke zama ɗari biyu a labaran rediyo, ƙasa ta ci gaba. In wata ta biyo ki bakin mota, kamar yadda na yi, tana zancen ɗinkin Sallah, ki ɗaga murya kowa ya ji:

"Ke wace irin butulu ce? Ba yanzu aka ba ki keke a gaban jama'a ba?"

Za ta koma gida ba keke. Ni ma haka na koma.

Gargaɗi: ni ba malama ba ce, abin da na gani na faɗa. Wadda ta bi matakan nan wani abu ya same ta, ita da Allahnta, kada ta nemi gidanmu. Musamman dokar murmushin nan ta mataki na biyar, ban ce ba ta cizon mai ita ba.

Washegari da sassafe na naɗa gammo, na bi Maman Pindar zuwa Bolori. Mun tarar an jera kekunan, Hajiya na tsaye a gabansu tana yi wa mai hoto bayani. Na bi layin ina shafa katako, har yatsana ya faɗa ramin ƙunar nan. Na ɗora keken a ka, na rusuna.

"Na gode, Hajiya."

Mai hoto ya juyo da na'urarsa kanmu. Hajiya ta washe baki, ta cikin haƙora ta ce, "Falmata, ajiye."

"Allah ya ƙara girma, Hajiya."

"Ki ƙara murmushi, Hajiya, yana ɗauka," in ji Maman Pindar, nata keken a ka.

Ban waiwaya ba har gida. Kafin azahar na haɗa rigar farko. Fentin ne dai har yau nake kankarewa da wuƙa.