Kwakwar Ƙasar Waje

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kwakwa huɗu suka kusa raba ni da Laraba.

Cikin shekarun tamanin ne, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri cikin Kaduna, aka zaɓe ni zuwa kwas na wata biyu a Indiya. Akawun da ya miƙo min tikiti ya ce, "Kai ka more, za ku yada zango a wani tsibiri a hanya." To ni a garinmu in an ce yada zango, ai a sauke kaya ne a kwana. Ban ƙara tambayar komai ba.

Nan da nan na hau shiri, kuma shirin mai rowa. Na ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari don kada otal ya ci ko sisina. Na naɗe tabarma, wai a bakin teku zan kwanta kyauta. Har gajeren wando na ara wurin maƙwabcina (ni da ko Kogin Kaduna ban taɓa sa wa ƙafa ba).

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Sai na kwashi baki na tafi Unguwar Mu'azu, gidan su Laraba, yarinyar da nake nema. Mahaifinta, Baba Yakubu, tsohon ma'aikacin reluwe, bai riga ya ce ya ba ni ba, don yana ganin surutuna ya fi aikina yawa. Na zauna ina zuba masa labarin tsibirin da ban gani ba. Ya saurara tsaf, ya ce, "Madalla. Ka kawo min kwakwarsu in ɗanɗana."

Jirgi ya sauka a tsibirin kuwa. Na miƙe da tabarmata a hammata, ma'aikaciyar jirgi ta yi min nuni in zauna. Ashe mai za mu sha! Minti arba'in, ba wanda ya taka ƙasa. Abin da na gani ta taga duka-duka motar mai ce da fiffiken jirgi. A dawowa ma wata hanya muka biyo.

Da na dawo sai kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Na sulale kasuwar Kakuri wurin wata mai kwakwa, na taya kayanta tayin wulaƙanci, sannan na ce, "Mama, zaɓo min waɗanda suka fi kama da na ƙasar waje." Ta dube ni sama da ƙasa, ta zaɓo huɗu.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci na isa gidan, na jera kwakwa a gaban Baba. Aka fasa ɗaya, ya sha ruwan ya ce akwai daɗi. Ni kuwa bakina da ba ya gajiya na ce, "Ai Baba, da hannuna na tsinko su."

Ina rufe baki aka yi sallama. Laraba ta tashi da murna, "Ga Gwaggo Saratu, ƙanwar Baba!" Na ɗaga kai. Mai kwakwa ce.

Wallahi na ji kamar in shige ƙarƙashin kujera. Ta zauna, ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ce, "Ɗana, sun dai yi kama da na ƙasar wajen ko? In ba su yi ba, gobe ka dawo in canza maka."

Na tabbata Laraba ta kuɓuce min. Na durƙusa na zayyane komai, har da tabarma da wandon aro. Baba ya yi ta dariya har hawaye, sannan ya ce, "Shekara talatin ina reluwe, ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma don jirgi ya tsaya shan ruwa ba. Amma yau ne ka fara faɗa min magana na yarda da ita. Turo manyanka."

Ga mu nan da Laraba har da jikoki, kuma a dangi har gobe sunana Mai Tsibiri. Abin da na koya shi ne ramin ƙarya ƙurarre ne. In kuma dole sai ka haƙa, ka fara tambayar me dangin budurwarka ke sayarwa a kasuwa.