Miyar Kuka a Lagireto

Ko na tsufa na ruɗe, ba na jin zan mance ranar sunan jikata a Gummi.

Maigidana Malam, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana tsohuwar mota. Ƙanena Lawali ke ɗaukar fasinja da ita daga Bukkuyum, da abin da ta samo muke cefane. To sai ta fara zubar da ruwa, Lawali ya ce shi ya gaji, 'yan gwangwan za shi kira su kwashe ta. Na ce masa a hankali, "Bari ta kai mu suna ta maido mu. In ta kasa, ka sayar."

Ana gobe suna na buɗe gaban motar da kaina. (Na daɗe ina riƙe wa Malam sifana, ba yau na fara ganin cikinta ba.) Tiyon ruwa ya tsattsage, na kwance shi na sa sabo, na ɗaure tam. Saura ɗan yoyo a jikin lagireto. Sai na tuna Malam kan zuba garin kuka ya toshe irin wannan. Abin da ban taɓa lura ba shi ne yawan da yake sawa. Ni kuwa hannuna na miya ne. Na ɗebo gwangwani guda, na dama da maburgi don kada ya yi gudaji, na ɗura.

Da safe muka ɗora kwanonin masa da kayan barka a mota. Har Gummi ba ɗigo ko ɗaya, ina ta kallon Lawali ta gefen ido.

Muna tsayawa ƙofar gidan surukai, maza cike da tabarmi an gama raɗa suna, sai motar ta fara ƙugi kamar tukunya a murhu. Murfin lagireto ya yi tsalle. Wani abu kore mai yauƙi ya dinga bulbulowa ta gaban mota, yana tururi, yana gangarawa har bakin tabarmar liman. Ba wanda bai gane warin ba.

Lawali ya ce, "Yaya, mi kika zuba ma motar nan?"

Na ce, "Kuka."

Wani tsoho, ƙanen kakan jaririyar, ya leƙo ya shinshina ya ce, "Kakar yarinya ta taho da miya, saura tuwo. Sai dai ba ki sa daddawa ba."

Aka kwashe da dariya, har liman ya rufe baki da gefen rawani. Na ja mayafi na shige cikin gida, ɗiyata mai jego kuwa ta ce, "Inna, don Allah a gidan mutane?" Na ce mata ai gidan mutanen na zo, kuma a motata na zo.

Da motar ta huce na fito da butoci, na sa Lawali ya yi ta ɗura ruwa ina zubarwa har ya fito fari. Muka cika ta, muka duƙa muka duba ƙasa. Yoyo ya toshe. Ta maido mu Bukkuyum lafiya, Lawali bai ƙara yi mini zancen 'yan gwangwan ba.

Har yau a Gummi Inna Mai Miyar Mota suke ce mini, ina kuma amsawa. Na dai koyi cewa mota ba ta da cikin mutanen gidana, tsunkule ɗaya ya ishe ta. Wata mai zuwa birki zan canza, na kuma yi wa Lawali alkawarin ba zan bi ta madafa ba.