Fitilar Hansai da Guntuwar Waya

Mati ya ba arba'in baya, amma in ka ce masa zauna, to sai ka dawo ka ce tashi. Yana zaune da yayarsa Hansai, bazawara mai ɗinkin hula. Yanar ido ta kama ta, ta ɓoye zancen, don ta san ranar da ɗanta Sabi'u ya gane, Kaduna zai ɗauke ta, Mati kuwa ba mai ko ɗumama masa tuwo.

Wata rana fulogin fitilar da take ɗinki da ita ya ƙone. Ta ce, "Ungo, samo irinsa sak." Mati ya wuni a kasuwa yana ture sababbi. Da la'asar ya dawo da ƙonanne, ya tono a juji. "Yaya, har warin iri ɗaya!" Ta shinshina, ta ce Allah ya shirya, ta roƙi maƙwabciya ta sayo sabo.

Wata rana Ubale mai gyaran wuta ya leƙo, ya ce wa Mati, "Kafin in dawo, ka datse wayar fitilar har inda baƙin ƙunar ya ƙare." Wayar kuwa baƙa ce tun daga kanti. Ya dawo ya tarar da ita gunduwa-gunduwa, saura taƙi guda. "Kai Mati, ko wanzami bai yi wannan ta'asa ba!" Ya ɗaura fulogin a guntun yana tsaki.

Wata rana Sabi'u ya aiko yana hanya. Hansai ta zauna tsakar ɗaki, ta ce, "Ajiye fitilar gabana, ya tarar ina aiki." Waya ba ta kai, sai Mati ya zare ta daga bango, ya dire gabanta.

Sabi'u ya yi sallama, ya same ta cikin duhun ɗaki tana soka allura.

"Inna, kina gani kuwa?"

"Ras! Ba ga fitila ba? Har kashe min ido take."

Ya dubi fulogin yashe a tabarma. Ya durƙusa. "Tun yaushe, Inna?"

Allurar ta suɓuce. Ta laluba, ba ta samu ba.

"Tun bara. In na tafi, wa zai riƙe kawunka?"

Mati ya tsinto allurar, ya zura zare, ya damƙa mata a hannu. Sabi'u ya daɗe yana kallonsu.

"Kawu, haɗa kayanka. Likita zai duba idon, amma kai za ka riƙe mata hannu."

"Duka kayan?"

Hansai ta share hawaye da gefen mayafi. "Riga biyu, Mati. Biyu. Kada ka ciro mana ƙofa."