Iskar Tayar Malam Shehu

Ba za ni taɓa mantawa ba da yinin da na tara mutanen ƙauye guda a kan iskar tayar keke.

Gara in fara da gaskiya: ni matsoraciya ce. Ba haka aka haife ni ba. Ina aji biyar na sakandare ɓarayin daji suka shigo ƙauyenmu na wajen Gatawa, muka yini kwance cikin gonar dawa, daga nan Baba ya kwashe mu muka koma Isa. Ba a taɓa kowa a gidanmu ba, alhamdu lillahi, amma tun ranar kunnuwana ba su sake hutawa ba. In mashin biyu suka wuce a jere sai in ajiye cokali. Murfin tukunya ya taɓa faɗuwa a madafa, aka same ni ƙarƙashin gadon Inna da takalmi ƙafa ɗaya.

Taubashiyata Hadiza, ɗiyar kawuna, ita ta yanke cewa maganina keke ne. Ma'aikaciyar jinya ce, ta girme ni kaɗan, kuma tun muna yara ba ta da aikin da ya wuce tsokanata. Wata ƙungiyar masu hawan keke ta shirya yawon hutu na 'yan kwanaki bayan kaka, lokacin da abubuwa suka ɗan lafa. Za a tashi daga Isa, a bi ta Bafarawa, a wuce Sabon Birni, a ga kufan Alkalawa, sannan a miƙa arewa inda ƙasa ke komawa rairayi zalla har kusa da iyaka. Motar kaya da abinci na bin babbar hanya, a haɗu da ita duk inda za a kwana.

"Baba, ka ba ni aron wagga ɗiya taka," in ji Hadiza. "In kai ta daji ta gani da idonta ba kowane kututture ke riƙe da bindiga ba."

Baba ya yi dariya ya ce in tahi. (Ni na zaci zai hana. Shi ya sa ma na ce ina so.)

Jagoranmu Malam Shehu ne, tsohon malamin labarin ƙasa da ya yi ritaya, da tsagar Gobirawa har kusa da kunne. Yana ɗora hular kwano a kan hularsa ta saƙa, da usur rataye a wuya, kuma ba ya iya wuce itace bai tsaya ya gaya mana sunansa da na danginsa ba. Mata ba mu da yawa a tafiyar. Mun sa wando ƙarƙashin hijabi, mun ɗaure gefen a ƙugu don kada ya shiga sarƙa.

Kwanakin farko ba laifi. Sirdin keke ya koya mini tafiyar agwagwa, na sha fura da nono a Bafarawa har na manta kaina na yi dariya da ƙarfi. A Alkalawa kuwa, Malam na nuna tuddan da suka rage na ganuwa yana ba da labarin sarakunan Gobir, kowa na ɗaukar hoto, ni ina auna wane rami ne zai ɗauke ni in an zo.

Ranar da abin ya faru mun isa wani ɗan ƙauye a bakin rairayi wajen azahar. Ba za ni faɗi sunansa ba, sun riga sun san ni fiye da yadda nake so. Mai gari ya sa aka shimfiɗa mana tabarmi ƙarƙashin wata babbar kanya. Aka yi salla, aka ci dambu, kowa ya miƙe ƙafa. Ba a jima ba sai minshari. Ni kaɗai idona biyu, kamar kullum.

Sai na ga Malam Shehu ya tashi a hankali, ya nufi inda aka jingina kekuna. Ya tsuguna gaban na farko, ya sa ɗan tsinke a bawul, iska ta fara fita. Ya danna tayar da babban yatsa, ya gyaɗa kai, ya matsa ga na gaba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, yana yi yana waiwayen masu barci. Da ya gama sai ya hau wani tudu can gefe, ya ɗaga wayarsa sama yana juyawa da ita.

To, ku da ba 'yan yankinmu ba ne sai in yi muku bayani. Ɓarayin daji ba sa zuwa haka kawai. Sai wani na ciki ya gaya musu ina mutane suke, su nawa ne, ta ina za su gudu. Infoma muke ce wa irin wannan mutum, kuma ba kalmar da ta fi ta nauyi a bakinmu. Ga mutum ya kawo mu wurin da ba kowa, ya bari mun ƙoshi mun yi barci, ya sace mana iskar taya, ya hau tudu yana neman waya. Cikin kaina lissafi ya fita tsaf. Har na ɗan ji daɗin kaifin ƙwaƙwalwata.

Na lallaɓa na ɗauko famfo. Na cika tayoyina har suka koma kamar dutse, na cika na Hadiza. (Sauran 'yan tafiyar kuwa, Allah ya gafarta mini, na bar su ga Mahaliccinsu.) Sannan na je na tsunkule ta.

"Hadiza, tashi mu gudu. Malam ya saida mu."

Ta buɗe ido ɗaya. "Nawa anka saye ki? Wallahi an cuce su." Ta juya ta ja mayafi.

Na ce a raina na fita hakkin zumunci. Na haye keke, na zaɓi hanyar bayan gari wadda Malam ba ya kallo, na taka feda da duk ƙarfin da dambu ya ba ni.

Ban wuce tsawon tabarma uku ba. Tayar gaba ta nutse cikin rairayi kamar an sa wuƙa a tuwo, keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na bi ta saman hannun keke na sauka da fuska, hijabi ya rufe mini kai, keken ya biyo ni ya kwanta a bayana. Da na yaye hijabin, abin da na fara gani shi ne Malam Shehu ya sauko daga tudu a guje, ya nufo ni, waya a hannu.

Ni da ko sallama ba a ji na sai an ce in ƙara, ranar har bakin rijiya an ji ni.

"Kada ka taɓa ni! Jama'a, infoma ne!"

Daga nan abin ya daina zama na dariya. Matan da ke rijiya suka saki guga, kowace ta suri ɗanta. Wani tsoho ya fara kora awaki cikin gida. Kafin 'yan tafiyarmu su gama wartsakewa, wani ɗan sa-kai na garin, Garba, ya iso da bindigarsa ta gargajiya a kafaɗa, wasu samari biye da shi da sanduna. Ya karɓe wayar Malam, ya riƙe masa wuyan riga. Usur ɗin ya tsinke ya faɗi ƙasa. Na taɓa jin abin da ake yi wa wanda aka kira da wannan suna, kuma ba a cika jiran bincike ba.

Allah ya sa mai gari na kusa. Ya zo da sandarsa, ya ce kowa ya tsaya inda yake. Ya dube ni ina zaune cikin rairayi, baki cike da ƙasa.

"Ɗiyata, mi kika gani?"

"Baba, ya bi kekunanmu duka ya sace musu iska."

Garba ya ɗan sassauta hannu.

"Duka iskar ya fitar ko ragewa ya yi?" in ji shi.

"Ragewa."

"Har da nashi keken?"

"Har da nashi." (Na ga wannan tun farko. Na ɗauka wayo ne irin na gwanaye.)

Garba ya dubi mai gari, mai gari ya dubi sama. Wani saurayi cikin masu sanduna ya sa hannu ya toshe bakinsa. Ashe duk wanda ya taɓa hawan keke ko mashin a ƙasar nan ya san ba a shiga rairayi da taya mai tauri. Sai an rage iska, tayar ta yi faɗi, ta hau kan rairayin maimakon ta tsaga shi. Wayar kuma, direban motar kayanmu yake nema, kuma a tudun nan kaɗai ake samun sabis.

"Ai da safe ya gaya muna za ya rage in mun ci abinci," in ji Hadiza, ta iso tana gyara ɗankwali. "Kowa ya ji. Ke kina can kina leƙen bayan rumbu ko akwai mutum." Ta je ta taɓa tayar kekenta, ta juyo. "Har da nawa keken kika cika? Allah ya saka. Ashe da ni za ki kashe."

Mutane suka fara dariya, Garba ya saki rigar ya miƙa wayar yana ba da haƙuri. Na ɗauka an gama. Mai gari bai yi dariya ba.

"Ba a gama ba," ya ce. "Matan da sunka ji kalmar ga sun shige gida, ba su ji bayanin ba. Jibi kasuwa. In maganar ta isa can ba gyara, bawan Allah ga ba ya sake bin hanyar ga lahiya. Gaban mutane kika faɗe ta, gaban mutane za ki maishe ta."

Ya aika aka kira kowa. Kowa fa. Mata, tsofaffi, Fulanin da suka kawo nono, har wani mai gyaran rediyo da abin bai shafe shi ba. Suka yi da'ira a bakin rairayin. Mai gari ya ce ba a son dogon bayani, a nuna musu da ido. In fara hawan kekena mai taya kamar dutse.

Na hau. Na san abin da zai faru, su ma sun sani. Na taka, tayar ta nutse, na kife.

"Mu na baya ba mu gani ba," in ji wata tsohuwa. "Ta sake."

Na dubi mai gari ko zai cece ni. Ya ce, "Kin ji Inna."

Na sake. Wannan karon takalmina ya yi nasa wuri, wata 'yar Fulani ta tsinto mini shi tana dariya har ƙwaryarta na neman faɗuwa. Sannan aka ba ni keken Malam, wanda aka rage wa iska. Na hau ina addu'ar ko shi ma ya kayar da ni in ɗan sami abin kare kai. Ina, tafiya ya yi sumul kamar a kan kwalta. Na zagayo na tsaya tsakiyar da'ira, na faɗa da ƙarfi yadda aka ce in faɗa: Malam Shehu ba infoma ba ne, ni ce ban san rairayi ba, kuma tsoro ne ya yi magana da bakina.

Da jama'a suka watse na je gabansa na durƙusa. Yana ɗaura igiyar hular kwano. Mutumin da ba ya rufe baki tun daga Isa, a wurin magana ɗaya ya yi.

"Ɗiyata, ina da iyali a Sabon Birni."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ranar ko sunan itace ɗaya bai faɗa ba har muka isa masauki, ni kuma ina can ƙarshen layi ina kuka ina taka feda, abin da ban ba kowa shawarar ya gwada ba a cikin rairayi.

Sai washegari ya dawo daidai. Muna tsaye kan wani tudu, rairayi shimfiɗe har inda ido ya ƙare, sai tumfafiya nan da can da raƙuma daga nesa, ya matso kusa da ni ya ce, "In kin sake ganin ina wani abu, ki zo ki tambaye ni. In ni infoma ne sai in gaya miki." Hadiza ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Tun daga nan ta sa mini suna Hajiya Famfo, kuma sunan ya riga ni isa gida.

Daga baya na ji labari biyu ne suka shiga kasuwa a makon. Ɗaya na cewa an kama wani malami da waya a kan tudu. Ɗayan na cewa wata 'yar Isa ta kife da keke gaban gari guda, wata tsohuwa ta ce ta sake, ta sake. Na biyun ya fi daɗin faɗa, sai ya danne na farkon. Yanzu har an ƙara masa gishiri, wai sau bakwai na faɗi, wai cikin kashin shanu. Ban taɓa gyara wa kowa ba.

Tsoro dai bai bar ni ba, har yau ina ajiye cokali in mashin ya wuce. Abin da na koya shi ne, bakin matsoraci ma makami ne, kuma nawa ya fi ƙafafuna gudu nesa ba kusa ba. Don haka duk wanda ya tare ni ya ce, "Ke ce ta keken nan?" sai in ce ni ce, in gyara zama, in ba shi labarin tun daga farko. In ya ce sau bakwai ya ji, sai in ce masa takwas ne.