Takalmin Malama Ladi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ci muhawara a makarantarmu, duk da cewa da za a sake ba ni zaɓi, da na gwammace in sha kaye.

Shekarar ce muka taso daga Beji zuwa Minna, aka sa ni aji biyu na babbar sakandare a tsakiyar zango, lokacin da kowa ta riga ta kama ƙawarta. Ni kuma ba mai magana ba ce, kallo ne aikina. Na san wadda take cizon biro, na san wadda take juya safarta don ɓoye huji. Amma babu wadda ta riƙe sunana ('yan ajinmu "Sabuwa" suke ce min har muka shiga zango na biyu).

In an tashi tara, ɗakin ajiyar kayan wasanni nake nufa, can gindin mangwaro. Nan Malama Ladi, malamar motsa jiki, take zama. Ba ta taɓa tambayata abin da ya hana ni shiga cikin 'yan'uwana ba. Sai dai ta miƙo min ƙwallo in hura, ta zuba min dafaffiyar gyaɗa a tafin hannu, mu yi shiru tare. Wannan shirun shi ne duk abotar da nake da ita a Minna.

A zaman nan idona bai huta ba. Takalmin kambas ɗinta na hagu ya buɗe baki, an liƙe shi da gam har gam ɗin ya bushe ya yi fari. Igiyar usur ɗinta tsohuwar igiyar takalmi ce. Daga Paiko take hawo bas kullum, ran Litinin kuma da buhun doya, tana sayar wa malamai. Wata rana ta ce min tana dariya, "Shekara huɗu a jami'a, 'yata, ga ni nan ina hura ƙwallo."

Sai ƙungiyar Hausa ta shirya muhawara a kan cewa yin digiri a fannin motsa jiki asarar kuɗin iyaye ne. Ajinmu ne masu goyon baya. Mai magana ta biyu ta kwanta zazzaɓi, malamin Hausa ya ɗora ni, wai insha'ina yana da kyau. Zainab, jagorarmu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sabuwa, don Allah kar ki ba mu kunya. In kin ga abin ya fi ƙarfinki, ki suma kawai."

Na haddace shafi biyu cur. Ina hawa dandamali, komai ya gudu. Ɗakin taro ya yi tsit, sai ƙus-ƙus daga baya. Na sunkuyar da kai, idona ya faɗa ƙarƙashin teburin alƙalai, inda mai kula da lokaci take zaune (wa kuma za a ba wannan aiki in ba mai usur ba?). Na ga farin gam ɗin nan. Bakina ya buɗe da kansa.

"Wane irin digiri ne," na ce, "mai shi zai shekara yana liƙe takalmi da gam?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Allah ya yafe min, daɗi na ji. Ban taɓa sa mutum biyu dariya a lokaci ɗaya ba, yau ga ɗaki guda. Na ƙara da igiyar usur. Na ƙara da buhun doya, har na kwaikwayi yadda ake sauke shi daga bas. Ban ambaci suna ba (a lokacin ina ganin wannan ma kara ce na yi), amma duk wuyan da ke ɗakin ya juya waje ɗaya. Sai na ga Malama Ladi ta ja ƙafafunta a hankali ta tura su ƙarƙashin kujera. Ba ta ɗago ba, agogonta take kallo.

Mun ci. Aka ba ni littattafan rubutu shida. Zainab ta rungume ni, ta tambayi sunana. Kwana uku ina cin abinci da su Zainab, kullum sai an ce, "Sake yi mana na takalmin nan." Da na ƙi, suka koma harkarsu. Gindin mangwaro kuma ƙafata ta ƙi zuwa. Mako biyu ina zama ni kaɗai a aji lokacin tara, ina jiyo usur ɗin Malama Ladi daga fili.

Ranar da na daure na je, na tarar tana ninke raga. Na durƙusa zan ba ta haƙuri.

"Tashi," ta ce. "Ba ki yi ƙarya ba. Mai neman kuɗi ba ya karanta abin da na karanta, na sani tun kafin a haife ki. Amma kin wuce lokacinki da minti biyu."

"Malama, me ya sa ba ki busa ba?"

"Wata nawa kina zama a nan, muryarki ba ta taɓa wuce bencin nan ba. Na ce bari in ji iyakarta."

Ta miƙo min ƙwallo, ta zuba min gyaɗa kamar kullum. Har yau ina zuwa, har yau muna shirunmu. Sai dai tun daga ranar, in na zauna, sai ta ja ƙafafunta ƙarƙashin benci. Ina jin ba ta ma san tana yi ba. Ni ce mai lura, ni na sani.

Littattafan nan shida tuni na cika su da lissafi. Abin da ya rage min shi ne wannan: in mutum ya zuba maka gyaɗa a hannu, gyaɗar za ka kalla, ba takalminsa ba.