Igiyar da na ɗaura a ƙugu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da muka kai gawar surukina gida. A wurina ya rasu, a unguwar Banifandou ta Yamai, bayan doguwar jinya, ya kuma bar wasiyya a binne shi kusa da mahaifiyarsa a wani tsibiri da ke ƙasan Yamai. Damina ce, kogi ya cika ya batse. Ni kuwa ɗan Damagaram ne, ruwan da na sani bai wuce na bokiti ba.

Muka shiga jirgi, makara a tsakiya, Hama yayan matata yana zaune wajen kan mahaifinsa. Muna tsakiyar ruwa inji ya mutu, wai esansin, wato man fetur ɗin, ya haɗu da ruwa. Matuƙin bai tsaya dogon bayani ba. Ya kafa doguwar gora cikin ramin wani katako, ya ɗaga a jikinta wasu buhunan shinkafa marasa komai da aka ɗinke wuri guda, don iska ta tura mu. Sai ya miƙo mini igiyar da ke gefen buhunan, ya yi magana da Zabarmanci. Hama ya fassara mini cewa in riƙe, idan iska ta yi ƙarfi in saki.

Na ce to. Da suka juya baya sai na ɗaura ta a ƙuguna, na yi mata ƙulli biyu (lissafina shi ne ko jirgi ya kife, ina manne da wani abu, kada ku tambaye ni da me).

Hadari ya taso. Iska ta cika buhunan, matuƙi yana ta ihu in saki, ni kuma ina ta kokawa da ƙulli. Jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, igiya ta fizge ni ta maka ni kan makara. Na rungume mamacin da hannu biyu, ina kiran sunan uwata, ni mai furfura a gemu. Da wuƙa matuƙin ya yanke igiyar, buhunansa suka bi kogi.

Jirgi ya daidaita, amma ban ɗago ba. Sai da Hama ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, “Saki Baba haka nan. Ya sha wahala.”

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da sanduna aka tura mu, muka isa dab da magariba, mutane sun gaji da tsayuwa bakin kabari. Likkafani ya jiƙe da ruwan laka, dole aka shiga gari neman wani. A jana'izar na tsaya sahun ƙarshe, guntuwar igiya na reto ƙarƙashin rigata, don ƙullin ya ƙi kwancewa.

Matata ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni dai tun ranar, duk abin da aka ce in riƙe, sai na tambayi yadda ake sakinsa kafin in karɓa.