Gawar da Ta Yi Tambaya

A wani gari mai suna Lafiya Lau na yi shekara ashirin da biyu ina aikin ofis, kuma gara in tona kaina tun yanzu: ban iya riƙe dariya a zaman makoki ba. Da zarar wani ya gyara murya ya ce mamaci bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, sai in ji kafaɗuna na rawa. Sau biyu ana fitar da ni da sunan tari.

Aikina a Ofishin Sanar da Rasuwa yake. Ba wahala. Tun da Mai Gari Alhaji Sai Godiya ya hau, Majalisar Na'am ta yanke cewa ciwo ɗaya ne ke kisa a garin: gajeruwar rashin lafiya. An buga shi a takarda an gama, ni dai in rubuta suna in danna hatimi. Ranar da gadar kasuwa ta rufta da motar fasinja, mutum goma sha huɗu suka yi gajeruwar rashin lafiya lokaci guda, har da direba.

Haka na danna wa Ladidi, matar abokina Malam Jatau, malamin makaranta mai rubuta wasan kwaikwayo. Naƙuda ta kai ta asibiti, aka tsare ta a bakin ƙofa awa huɗu saboda ana bikin buɗe asibitin, karo na uku. Jatau bai yi kuka a gaban kowa ba. Bayan sadakar arba'in ya same ni da takardu a hammata.

"Na rubuta wasan barkwanci. Kai ne gawa."

"Me ya sa ni?"

"Shekara ashirin kana zaune ba motsi ba magana. Wa ya kai ka ƙwarewa?"

Wasan gajere ne. An ɗauko mamaci a makara, a tsakiyar hanya ya tashi zaune ya ce ba inda za shi sai an faɗa masa abin da ya kashe shi. Abin da Jatau ke so ke nan, ba ƙari: sau ɗaya dai a faɗi abin da ya kashe matarsa da ƙarfi, a gaban mutane.

Muka kai wa Sarkin Tace Dariya, wanda sai da amincewarsa ake yin wasa a garin. Ya karanta yana lasar yatsa.

"Malam, gawarka ba ta da tarbiyya. Gawar garin nan ba ta tambaya."

"To me za ta ce, ranka ya daɗe?"

"Ta tashi ta gode wa hukuma da aka share hanyar maƙabarta, ta koma ta kwanta."

Ya amince da dariya uku, kowacce sai dogari ya busa usur. Ya kuma soke kalmar "mutuwa" daga wasan, ya ce tana sa baƙi su ɗauka ana mutuwa a garin.

Ranar Asabar bayan la'asar aka cika dandalin kasuwa. Mai Gari na gaba a kan kujerar da aka ɗauko masa daga ɗakin haihuwa, don ita ce mai laushi. Aka naɗe ni a farin ƙyalle, ƙarti huɗu suka ɗauke ni. Na haddace godiyata tsaf, don ina da iyali. Sai Jatau, wanda ya fito a mai wa'azin makoki, ya gyara murya ya ce, "Marigayi bai taɓa ɓata wa kowa rai ba."

Ya san ni, mugun.

Makara ta soma rawa. Na tashi zaune ina ƙyaƙyatawa har da hawaye, godiya ta ɓace mini, abin da ya fito shi ne na farkon: "Jama'a, wai me ya kashe ni?"

Ba a busa usur ba, amma dandali ya ɗauka. Cikin dariyar wata mai sayar da daddawa ta ɗaga murya: "In kai ne mijina, gada ce!" Wani tsoho ya ce, "In kai ne jikana, ruwan famfo!" Aka yi ta jefo suna da dalili, mutane na riƙe ciki suna share ido, dogari na busa usur a daina. Jatau ya jira aka lafa, ya ce, "In kai ne Ladidi, ƙofar asibiti ce. Awa huɗu." Nan dariyar ta tsaya cak.

Mai Gari ne ya fara tafi. Ya ce rabonsa da nishaɗi irin wannan tun buɗe asibiti na biyu, ya gayyaci marubuci fada shan shayi. Ni kuwa majalisa ta zauna a kaina kwana biyu, ta gano ba dokar da ta tanadi hukunta gawa, aka sallame ni na koma teburina. Jatau kuwa bai dawo daga shan shayin ba.

A zaman makokin Jatau liman ya ce marigayi bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Mutane suka juyo suna jiran kafaɗuna. Ko motsi ba su yi ba.

Takardar rasuwarsa tun ranar Litinin ta iso teburina, da sunansa a rubuce, sai hatimi kawai. Na danna. Sai ranar Laraba ya rasu.